DARASIN NOMA: A San Halin Ƙasa Kafin a Zuba Taki a Lambun Gida

 Darasinmu na wannan karo ba na babbar gona ba ne. Na ɗan lambun bayan ɗaki ne, inda uwargida ke da lemo ɗaya ko biyu, da zogale, da ƴan kunyoyin yakuwa da tumatir, wani lokaci har da furen ado a cikin tsohon bokiti.

Ga abin da ya jawo shi. Wata dattijuwa a unguwarmu ta kira ni in duba mata lemon tsaminta. Shekararsa huɗu da dasawa, amma sabon tohonsa duk ya koma ruwan ɗorawa, jijiyoyin ganyen kaɗai suka saura kore.

Ta ce, “Malam, bara na zuba masa takin zamani rabin tiya, bana na ƙara, amma sai daɗa lalacewa yake yi. Ko sammu aka yi masa?”

Na zagaya gindinsa. Tokar murhu ce tsibi guda, kuma nan ne magudanar ruwan wanki da na wanke-wanke take ƙarewa. Na ce mata, “Inna, babu sammu. Lemonki ba rashin abinci ke damunsa ba. Abincin yana nan a gabansa, haɗiyewa ce ta gagare shi.”

Domin mu gane yadda haka ke faruwa, bari mu ɗan yi tafiya zuwa wata ƙasa mai nisa, sa'an nan mu dawo gida.

Furen da ke tona asirin ƙasa

Akwai wani furen ado da Faransawa ke kira ortansiya, Ingilishi kuma suna ce masa haidiranjiya. Asalin irin da aka fi shukawa daga ƙasar Japan yake, daga can aka kai shi Turai. Ɗan tsiro ne mai faɗin ganye, furensa dunƙule-dunƙule kamar curin fura. Wanda ya taɓa ganin hotonsa a kalanda ba zai manta shi ba. Ina gaya muku tun yanzu kada kowa ya ɓata kuɗinsa a kansa: yana son sanyi da inuwa da ruwa kullum, zafin Gaya kuwa a watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Ba don mu shuka shi na kawo zancensa ba, sai don abin da ya koya wa masu lambu.

Idan aka yanki reshe biyu daga uwa ɗaya, aka dasa ɗaya a ƙasa mai tsami, ɗaya a ƙasa marar tsami, na farko zai yi fure shuɗi, na biyu kuma ja-ja. Iri ɗaya ne, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Dalili shi ne, a cikin kowace ƙasa akwai alminiyam, wato irin ƙarfen nan da ake ƙera tukwanen zamani da shi. Idan ƙasa tana da tsami, wannan ƙarfe yana narkewa, saiwa ta sha shi, ya hau har cikin fure ya mai da shi shuɗi. Idan babu tsami, yana nan a ƙasa ɗaure, saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Shi ya sa masu lambu a Turai, idan suna son ja-ja, sai su barbaɗa farar ƙasa. Idan shuɗi suke so, sai su guji farar ƙasa da toka, su kuma rage taki mai yawan sinadarin P, wanda za mu yi bayaninsa nan gaba, domin shi ma yana ɗaure wannan ƙarfe. Sun kuma lura cewa idan aka cika masa takin da ke sa ganye, sai ya yi duhun ganye, fure kuwa ƙalilan.

Abu biyu ke nan wannan fure ya nuna. Na ɗaya, kasancewar abinci a cikin ƙasa daban, iya cinsa daban, kuma tsamin ƙasa ne ke buɗe ƙofar ko ya rufe ta. Na biyu, taki ba abu ɗaya ba ne, kowane iri da aikinsa. Lemon dattijuwar nan ƙarfen baƙi yake bukata, ɗan kaɗan ƙwarai, kamar yadda jinin mutum ke bukatarsa. Ƙarfen yana nan a ƙasarta, amma toka da ruwan sabulu sun kashe tsamin wurin sarai, suka ɗaure shi. Ko buhu guda ta zuba, ganyen ba zai koma kore ba.

Masana suna da ma'aunin tsami da suke rubutawa pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da 7 mai tsami ne, kamar ruwan lemon tsami da ke wajen 2. Abin da ya haura 7 ɓangaren kanwa da toka ne. Yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Ortansiya tana yin shuɗi idan ƙasa ta sauka ƙasa da 5.5.

Mu a nan muna da iri biyun duka. Ƙasar tudu mai rairayi, wadda muke noma gero a kai, ta fi karkata ga tsami. A cikin kwari kuwa, musamman wajen Dallol Foga inda ake dafa gishirin Foga tun kaka da kakanni, akwai wuraren da gishiri da kanwa ke tasowa su yi fari-fari a bisa ƙasa da rani. Cikin gida kuma labarinsa daban ne, domin gida ɗaya yana iya ƙunsar duka biyun: kusa da murhu da wurin wanki kanwa-kanwa, can ƙuryar katanga kuma tsami.

Gwaji da zoɓo

Ba mu da ortansiya, amma Allah ya ba mu abin da ya kusa da ita a aiki, wato zoɓo, ƙoƙon furen yakuwa ja. Abin da ke ba zoɓo launi da abin da ke ba wancan fure launi dangin juna ne. Kowace mai girki ta san idan aka jefa kanwa a ruwan zoɓo sai ya yi kumfa, jansa ya mutu, ya koma duhu-duhu mai ratsin kore, idan kuma aka matsa lemon tsami sai jan ya dawo. A lura, a nan tsami ne ke ba da ja, ba kamar a jikin ortansiya ba, domin can ƙarfen da saiwa ta sha ne ke canza launin.

Ga yadda za a yi. A jiƙa busasshen zoɓo kamar ƙwaya biyar a cikin ruwan sama, ko wani ruwa mai daɗi wanda ba shi da gardin kanwa, har ruwan ya yi ja, a tace. A tona ƙasar lambu zurfin tafin hannu, a ɗebi cokali uku a zuba a kofin gilashi, a cika da irin ruwan nan mai daɗi, a motsa sosai, a bari ƙasar ta kwanta. Sai a tsiyaye ruwan saman a wani kofi, a ɗiga masa ruwan zoɓo kaɗan, ɗigo biyar ko shida. Kada a yawaita, domin zoɓo shi kansa mai tsami ne, idan ya yi yawa zai rinjayi ƙasar, gwajin ya ɓaci. Idan ruwan ya tsaya ja-ja, kanwa ba ta yi wa wurin yawa ba. Idan ya koma toka-toka, ko shuɗi-shuɗi, ko kore, to toka ko kanwa ta yi yawa.

Akwai gwaji na biyu wanda ya fi wannan sauri. A sa busasshiyar ƙasa a faranti, a matsa mata lemon tsami. Idan ta yi kumfa tana ƙara, kamar yadda tsamiya ke yi idan ta gamu da kanwa, to amsa ta fito. Ƙasar gindin lemon dattijuwar nan sai da ta yi tafasa kamar an ɗora ta a wuta.

Waɗannan gwaje-gwaje ba sa ba da lamba. Suna nuna gefen kanwa ne kawai idan ya yi yawa. Mai babban lambu da ke son lamba sai ya nemi malamin gona ya nuna masa yadda ake aika ƙasa ɗakin gwaji na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa. Amma ga lambun gida, wannan ya isa a san inda aka dosa.

Maganin da na ba dattijuwar bai ci ko dala ba. Aka kwashe tokar da ƙasar saman da ta gauraya da ita, aka karkatar da magudanar wanki, aka zuba ruɓaɓɓen takin awaki, aka rufe da kara. Ba a kwana bakwai ake ganin sakamako ba. Sai ruwan damina ya wanke wurin, tohon da zai fito bayan nan shi ne ake dubawa.

Abin da ke rubuce a jikin buhu

Yanzu ga inda karatunku zai yi muku rana. Kowane buhun takin zamani yana da lambobi uku a jere, kuma kullum jerin ɗaya ne: N, P, K.

N, wato azot ko naitirojin, shi ne mai sa ganye da kore. P, wato fosfaras, shi ne na saiwa da fure da ƙwaya. K, wato fotasiyam, shi ke ƙarfafa jikin shuka, ya taimake ta jure ƙishirwa, ya kyautata ƴaƴa. Lambobin suna faɗin kashi nawa cikin 100. Takin 15-15-15, wanda ƴan kasuwa ke kira kamfa, buhunsa mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowane ɗaya. Yuriya, farin nan mai kama da sukari, lambarsa 46-0-0: N zalla ne, kilo 23 a buhu, ya ninka na kamfa sau uku, amma babu P babu K ko ƙwaya. Akwai kuma DAP, mai lamba 18-46-0, wanda ƙarfinsa a P yake.

Yuriya ita ce ke yaudarar mutane. Ana zuba ta, cikin ƴan kwanaki shuka ta yi kore shar, mai lambu ya yi murna ya ƙara. Ga mai noman ganyen yakuwa don miya, ko alayyafo, ko zogale, wannan kore shi ne abin nema. Amma wadda ke jiran zoɓo ta sayar, ko tumatir, ko kuɓewa, idan ta cika yuriya sai shuka ta shagala da ganye, fure ya yi jinkiri, ƴaƴa su yi kaɗan, ƙwari kuma su taru a kan lallausan toho. Ciwon ortansiya ke nan sak. Bayan haka, yuriya zalla shekara da shekaru tana ƙara wa ƙasa tsami, ƙasar tudu kuwa dama tsamin ne da ita.

Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, ya nuna cewa a ƙasarmu mai rairayi P ne abin da ya fi ƙaranci. A ganina, wanda kuɗinsa ba su isa iri biyu ba, gara ya sayi kamfa ya bar yuriya.

Ganye ma yana magana ga wanda ya san yarensa. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka fara yin ɗorawa gaba ɗaya, N ne ya gaza. Idan shuka ta tsumbure, ganyenta ya yi duhu mai ratsin shunayya, P ne. Idan bakin tsohon ganye ya ƙone kewaye, K ne ko kuwa gishiri ya yi yawa. Idan kuwa sabon toho ne ya yi ɗorawa jijiyoyinsa na kore, kada a ruga kasuwa, a fara duba toka da ruwan wanki.

Nawa za a zuba, kuma a ina

A shekarun 1990 masu bincike a Nijar suka gwada wata dabara a gonakin gero: a maimakon watsa taki, a sa giram 6 na 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a kowane rami lokacin shuka. Giram 6 bai wuce cikin marfin kwalbar Coca-Cola ba. Giram 2 kuwa tsunkulin yatsu uku ne. Ga gona mai rami 10,000 a hekta, kilo 60 na kamfa ke nan. Wannan awo ya dace da lambun gida ƙwarai: marfi guda ga kowane gindin yakuwa, ko kuɓewa, ko tumatir, a tona ɗan rami nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu, a zuba, a rufe. Taki idan ya taɓa iri ko kara yana ƙona su.

Ga ɗan itace da bai wuce shekara da dasawa ba, ƙaramin gwangwanin tumatir guda na kamfa ya isa a zubi ɗaya, sau uku cikin damina: farkonta, tsakiyarta, da dab da ƙarshenta. Yayin da itace ke girma ana ƙarawa sannu-sannu. Kada a tara shi a jikin gindi. Saiwoyin da ke cin abinci suna can inda inuwar rassa ta ƙare da tsakar rana. Nan za a ja ɗan kwari kewaye, a barbaɗa, a rufe da ƙasa, a yi ban ruwa.

Me ya sa sau uku? Gaya ita ce yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara, kuma yawancinsa a Yuli da Agusta yake sauka. Wanda ya zuba takin shekara a rana ɗaya, ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su tafi da N ɗinsa can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Haka kuma ba a zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa da zafin rana. Yuriya kuwa idan aka bar ta a fili ba a rufe ba, ƙarfinta yana tashi iska, balle idan ta gamu da toka. Kada a haɗa su wuri ɗaya.

Mangwaro yana da nasa lokaci. Takinsa bayan an gama cire ƴaƴa ne, a farkon damina. Wanda ya ba shi yuriya da shigowar sanyi, lokacin da yake shirin fure, ganye zai samu.

Takin gida

Takin zamani ya yi tsada a duniya a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. A 2023 kuma aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kayan da ke zuwa ta tashar Kwatano suka daina shigowa yadda aka saba. Wannan ya tuna wa mutane da yawa abin da ke bayan garkensu.

Ko da ma babu tsada, rairayi ba ya riƙe takin zamani sai da takin gida, kamar yadda kwando ba ya riƙe gari. A haƙa rami zurfin mita guda a inuwa. A shimfiɗa yankakken kara, ko ɓawon rake, ko ƙaiƙayin shinkafa, a bi da kashin awaki ko na shanu, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya cika. Ana juya shi duk kwana 15, ana kula kada ya bushe. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, zafinsa ya huce, ya riƙa ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka. Kashin kaji yana da zafi ƙwarai, ɗanyensa yana kashe dashe, dole sai ya ruɓe.

Ba na ce toka abar banza ce ba. Tana da K da sinadarin farar ƙasa, kuma ga kunya mai tsami magani ce. Amma barbaɗawa ake yi kamar gishiri a miya, sau ɗaya a shekara. Tara ta kullum a gindin itace ɗaya shi ne ɓarnar.

Masu lambu a bakin kogin Kwara, wanda Dandawa ke kira Isa, suna iya tsamo ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe ruwa, su shanya ta, su sa a rami. Tana ruɓewa da sauri. Sai dai a jawo ta da ƙugiya daga gaɓa, kada a tura yara cikin ruwa, domin a irin wannan wuri ne ƙananan dodon-koɗi masu yaɗa tsargiya ke zama. Wanda kuma zai ɗebi taki a juji, ya tsince leda da fasasshen kwalba, musamman tsofaffin batura, domin suna da guba.

Lafiyar iyali

Yuriya tana kama da sukari, kamfa kuma yara na ganinsa kamar alewa. A ajiye su a cikin buhunsu, a ɗaure, a sama, ba cikin kwanon abinci ko gwangwanin madara ba. Akuya ko saniya idan ta sami yuriya ta ci da yawa, cikin ɗan lokaci take kumbura ta mutu. Idan yaro ya ci taki, a wanke masa baki, a ba shi ruwa, a kai shi likita nan da nan tare da buhun, domin ma'aikacin lafiya ya ga irinsa. Bayan zuba kowane irin taki a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko jariri.

Ɗanyen kashin dabba ba ya hawa kan ganyen da ake ci ɗanye, kamar salak, ko wanda ake yin kwaɗo da shi. Ta nan ne gudawa da tsutsar ciki ke shiga gida.

Sai maganar rijiya, wadda ta fi damuna. A cikin dallol ruwa yana kusa, wani wuri ƴan mitoci kaɗan ake haƙawa. N ɗin da shuka ba ta ci ba, da ruwan da ke tsatsowa daga turke da ramin taki, duk can suke gangarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan sinadari, da ake kira nitrat, a miligiram 50 cikin litar ruwan sha. Idan ya yi yawa, jarirai ƴan ƙasa da wata 6 ya fi cutarwa: jininsu ya kasa ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri. Wannan ƙarin dalili ne na shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. Ramin taki da turken dabbobi su yi nesa da rijiya kamar taku 30. Idan gidan bai kai haka faɗi ba, a sa su a ƙuryar da ta fi nisa, ta gefen gangare, yadda ruwan sama zai bi da su waje.

Aikin aji

Ranar karatu mai zuwa kowane ɗalibi ya zo da ƙasa ƙulli biyu daga gidansa, ɗaya daga kusa da murhu ko wurin wanki, ɗaya daga inda ya fi nisa da su, ya rubuta sunan wurin a takarda ya liƙa wa kowane ƙulli. Malamin cibiya ya tanadi zoɓo da lemon tsami da kofunan gilashi. Wanda ke da tsohon buhun taki ya kakkaɓe shi ya taho da shi, za a karanta lambobin da ke jikinsa a allo.